Kada a Buɗe Rudu Sai An Ga Mota

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in ɗauki biro. Tun bara 'yata ta kawo mini takardu ta ce in rubuta, na tura su ƙarƙashin katifa har suka yi laushi. Abin da ya hana ni shi ne karatuna a firamare ya tsaya, ga shi kuma maganar da zan yi ta shafi Turanci. Na ce in na yi kuskure masu ilimi za su yi dariya, wannan da sauƙi. Amma in wani ya ɗauki kuskuren nawa ya je ya yi ciniki da shi ya yi asara, alhakinsa yana wuyana. Abin da ya sa na daure shi ne samarin da ke shigowa tashar albasa yanzu da manyan wayoyi. Rannan ɗayansu ya ce mini, "Baba, ai sana'arku ba wuya. Ka ɗaga waya, ka yi ɗan Turanci, ka karɓi la'ada." Maganar ta biyo ni har gida.

Sunana Bawa. In ka zo inda ake lodin albasa a Birnin Kebbi ka tambayi Bawa, za a iya nuna maka wani. Sai ka ce Bawa Kwamfam, kowa ya san shi. Ni dillali ne, ina tsakanin manoman Gulma da Zauro da masu saye daga kudu. Yadda aka yi na samu wannan suna zai zo a gaba.

Aikin farko da ubangidana Alhaji Namadina ya ba ni, Allah ya jiƙansa, shi ne shinshina rudu. Rudu ɗaki ne na kara da ciyawa da ake ɗorawa a kan itace, a zuba albasa a ciki tun lokacin bazara, iska na shiga ta ƙasa tana fita ta sama. A haka take zama har damina ta yi nisa, ta yi tsada. Alhaji zai sa ni in durƙusa in cusa hanci tsakanin kara, ya ce, "Mi ka ji?" In na ce ban ji komai ba, ya ce in sake. Sai da na daɗe kafin in rarrabe ƙamshin albasa mai lafiya da ɗan tsamin da ke nuna ɗaya ta fara lalacewa a tsakiya. Bayan hanci sai basilla da igiya da buhun raga. Ya koya mini ɗinkin bakin buhu yadda ba zai matse kaya ba, ba kuma zai zube a mota ba. Amma babban abin da ya dasa mini shi ne wannan: albasa a rudu tana barci ne, ranar da ta shiga buhu kuwa ta fara mutuwa. Gumi take yi, zafi ya taru, ɗaya ta ruɓe ta shafa wa 'yan'uwanta. Saboda haka buhu da mota tare suke tafiya.

A zamanin Alhaji masu saye da kansu suke zuwa. Su sauka a zaurensa, su ci tuwon gidansa, Hausa a bakinsu kamar 'yan gari. Mutum ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a ce an sallama. Da an ce an sallama magana ta ƙare, ko farashi ya hau kafin la'asar ba mai waiwaya. Da dattawan nan suka tsufa sai 'ya'yansu suka gaji harkar, su kuma ba sa zuwa. Waya suke bugowa. Cikinsu akwai Oga Cidi, wanda mahaifinsa ya yi shekaru yana sauka wurin Alhaji. Shi otal-otal yake kai wa kaya da wani kamfanin haɗa kayan miya, kuma Turancinsa na ofis ne. Ni kuwa buroka gare ni irin ta tasha. In ya yi magana ina jin rabi, sauran rabin in cike da "yes sir". Sai in kashe waya in zauna ina tambayar kaina me na amsa wa.

Wata rana ina tsaye a ƙofar gida a unguwar Nasarawa ina ta ɗaga murya a waya, maƙwabciyarmu Maman Bitrus tana jina. Mutuniyar Filato ce, Kirista, mijinta ma'aikaci ne. Ta daɗe tana akawu a wani babban shagon kayan gini kafin ta buɗe ɗan shagon kayan masarufi a ƙofar gidanta. Da na gama sai ta ce, "Malam Bawa, wannan ciniki kake yi ko faɗa?"

Na ce, "Maman Bitrus, ni ma ban sani ba."

Ta yi dariya har ta dafa tebur, sannan ta turo mini benci. Ta ce, "In na ce na ɗaure ciniki, Hausa ce?"

Na ce, "A'a, ƙulla ciniki ake yi."

"In na ce na sare farashi fa?"

"Yanke shi ake yi."

Ta ce, "To Turanci ma haka yake. Kowace kalma da abokiyar tafiyarta. Kai kana tsinto su ɗai-ɗai kamar mai tsintar gyaɗa, shi ya sa suke zube maka. Ka riƙa ɗaukar su biyu-biyu."

Daga ranar, duk sanda na dawo kasuwa da sauran rana sai in tsaya shagonta, tana auna wa mutane sukari tana ba ni karatu. Ba ta ba ni da yawa, kuma ba ta ba ni abin da ba na albasa ba. Ta ce in mai saye ya faɗi kayan da yake so da yawansu, ya yi "place an order". In ya dawo ya tsaya a kan maganarsa da rana da farashi, ya yi "confirm the order". Kama mota tun kafin ranar shi ne "book a lorry". In ya taya, "make an offer" ya yi. In kaya suka isa ya karɓa, "take delivery". Ina hawa babur zuwa Argungu ina maimaita su a hanya, har masu tallan kifi suna kallona kamar mai sambatu. Abin da na fi riƙewa shi ne, a wurinsu faɗin abin da ake so daban, tabbatar da shi daban. Mu sallama ɗaya ce, su kuwa mataki-mataki ne. Tun daga nan ba na motsa buhu ko ɗaya sai na bugi mai saye na ce, "Please confirm." Wani lokaci in sake bugawa bayan ya riga ya tabbatar, don kada a ce kunnena ne ya ji ba daidai ba. 'Yan lodi suka ji abin ya yi yawa, suka laƙaba mini Kwamfam. In na ce zan je masallaci sai wani ya ce, "Ka kwamfam da liman?"

Yanzu bari in faɗi halayenmu guda biyu, don sai da su za a gane abin da ya faru. Na farko, manomin ƙasarmu ba ya yarda baƙo ya jira shi. In an ce mota za ta zo ranar kaza, tun kafin ranar zai fasa rudu ya cika buhuna ya jera su, don kada direba ya iso ya tarar ana kame-kame. Abin kunya ne a wurinsa. Na biyu, ba ma son gaya wa abokin ciniki mummunan labari. In kaya suka makale, sai a ce masa "ana hanya", a yi ta addu'a Allah ya kawo mafita kafin ya gane. Ba don cuta ake yi ba, ana ganin ladabi ne, kada a tayar wa mutum da hankali. Duka biyun na tashi na tarar ana yi, ni ma na yi.

Shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadama ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. Kawuna Manu, ƙanen mahaifiyata, yana wani ƙauye bayan Gulma da iyali mai yawa. Shinkafarsa duk ta nutse tana gab da nuna, ko dami ɗaya bai ɗauka ba. Abin da ya rage masa a duniya shi ne albasar da ke cikin rudunansa a kan tudu. Da ita zai sayi geron da gidan zai ci har wata kaka. Ni na haɗa shi da Oga Cidi, wanda ya yarda zai kwashe ta gaba ɗaya da daraja mai kyau. Ya tabbatar, an sa rana, ya ce ya kama mota. Ana saura kwanaki kaɗan sai na ji labari ruwa ya tafi da kwalbatin da ke tsakanin ƙauyen da babban titi.

Na hau babur zuwa Argungu, na bar shi wurin wani mai faci, na shiga kwalekwale. Da na isa na tarar da Kawu a gindin rudu, an baje buhuna a ƙasa, 'ya'yansa magidanta suna zare igiya.

Ya ce, "Bawa, ka zo daidai. Gobe da sahe za mu hwasa."

Na ce, "Kawu, motar ta ina za ta biyo?"

"Ruwan ga janyewa shikai. Jibi war haka ka ga ƙasa."

"In bai janye ba fa?"

"In kuma ya janye, mota ta zo ta iske mu zaune, mi za mu ce ma baƙo? Ɗan mutumin da yac ci tuwon Namadina za mu bari shi jira? Kai dai buga mai ka ce kaya na hanya."

Maƙwabcinsa Tukur, wanda shi ma yake da albasa amma da wani dillali yake hulɗa, ya ce shi ya riga ya cika nasa buhunan, in ta kama ma a kwalekwale zai tsallaka da su. Na ce, "Malam Tukur, albasa da ruwa ai gishiri da ruwa ne." Ya ce, "Kai dai Kwamfam, ba ka rabo da tsoro."

Na durƙusa na shinshina rudun. Lafiya lau, sai dai 'yan na sama sun fara tsiro, alamar ba za ta jira har abada ba. Ga yadda abin yake. In aka fasa rudu, ruwa bai janye ba, albasa za ta ruɓe a buhu, gidan Kawu ya rasa abinci. In na gaya wa Oga Cidi gaskiya ya fusata ya juya kasuwar albasa ta Aliero ya saya, 'yan baranda sun san wanda ambaliya ta ci ba shi da ƙarfin cewa albarka, za su saye ta yadda suka ga dama. Na ce, "Kawu, don Allah ka ba ni zuwa gobe da la'asar. Kada a zare kara ko ɗaya sai ka ji daga gare ni."

Ya dube ni ya girgiza kai. Ya ce, "Tun kana ƙarami haka kake. Uwarka ta ce ko hura anka ba ka sai ka leƙa ƙwarya sau biyu. To, je ka. Gobe da la'asar, ba ƙari."

Washegari da hantsi ina shagon Maman Bitrus. Na zayyana mata komai. Na ce, "Duk Turancin da kika ba ni na ranar da abu ya yi kyau ne. Ba ni da na ranar da ya ɓaci."

Ta ce, "Me kake so ka gaya masa?"

Na ce, "Kawu ya ce in ce kaya suna hanya."

"Suna hanya?"

"A'a."

"To ni ba ni da Turancin wannan." Ta ci gaba da ƙulla gishiri a leda kamar ba ni a wurin. Can ta ɗago ta ce, "Malam Bawa, mutumin nan shi ma akwai waɗanda ya yi wa alkawari. In ka gaya masa yau, yana da lokacin da zai nemi dabara. In ka bari motarsa ta taso tun daga kudu ta zo ta tsaya a bakin ruwa, direba yana cin kuɗin jira, wannan ne ba zai yafe ba. Ku kuna ganin ɓoyewa ladabi ne. Shi zai ga kun mayar da shi yaro."

Sai ta ba ni jimloli uku. "We cannot meet the date", wato ba za mu iya cika ranar ba. "Please extend the deadline", a ƙara mana lokaci. "Do not cancel the order", kada a soke cinikin. Ta sa na maimaita har bakina ya saba. Ta ce in faɗi dalili a gajarce, in faɗi abin da ke hannuna, kada in rantse, kada in sa ranar da ban da iko da ita. Ta ce kuma kada in tsaya doguwar gaisuwa.

Na ce, "Haba Maman Bitrus, in kawo wa mutum mugun labari ban gaishe shi ba?"

Ta ce, "Gaishe shi. Amma kada ka kai ga tambayar awakinsa."

A nan kan bencinta na buga. Na gaishe shi, na ce ruwa ya yanke hanya, na jero jimlolin nan uku kamar mai biya allo. Na duba wayar ko ta mutu, tana nan da ranta. Maman Bitrus ta ɗaga mini hannu, wai kada in ƙara komai. Can ya ce, "Have you bagged them?" Na gane yana tambaya ko mun zuba a buhu. Na ce a'a, suna cikin rudu, ba a taɓa ba. Sai na ji ya saki numfashi, ya juya zuwa 'yar Hausar da ya tsinta wurin mahaifinsa, ya ce, "Bawa, kar ka taɓa shi. Bar shi ya sha iska." Ya ce zai dakatar da motar, zai nemi kaɗan a wani wuri ya toshe bakin masu otal, amma kayan Kawu nasa ne, farashi yana nan yadda aka yanke. Abu ɗaya ya nema, "keep me informed", in riƙa sanar da shi halin da ake ciki. Da na ajiye waya sai na ga ashe a tsaye nake, ban san lokacin da na tashi ba. Maman Bitrus ta ce, "Zauna ka sha ruwa, kada ka faɗi mini a shago."

Kafin la'asar na aika wa Kawu cewa a nannaɗe buhuna a mayar ɗaki.

Ruwan da aka ce jibi zai janye sai da ya ƙara fiye da mako biyu yana kwance. Kowace safiya in bugi mutanen ƙauyen in ji inda ya kai, in bugi Oga Cidi in gaya masa, ko da labarin bai canza ba. Da ƙasa ta bayyana, mutanen gari suka yi gayya suka cike ramin da duwatsu da buhunan yashi. Sai da na je na taka wurin da ƙafata, na ga wata motar itace ta wuce a kai, sannan na ce masa ya sake kama mota. Ranar da ta iso, sai da muka hango ta a kan tudu Kawu ya zare karan farko. Mata da maza aka taru ana tsincewa ana zubawa, ni ina ɗinki. Abin da muka ware na lalatacce bai taka kara ya karya ba. Direban ya yi jiran wuni guda, Kawu yana ta zuwa yana ba shi haƙuri, an kai masa tuwo da kifi. Shi kuwa ya ci ya ƙoshi ya miƙe a gindin mangwaro, munsharinsa har wurin lodi. Na ce, "Kawu, ga baƙon da kake jin kunya."

Albasar Tukur kuwa tun daga bakin gari ake jin warinta. Abin da ya tsira da shi kaɗan ne. Cikin geron da Kawu ya saya, sai da ya aika masa da rabonsa.

Da mota ta tashi Kawu ya kira ni gefe. Shi ba mai yabo ba ne. Ya ce, "Bawa, yau dai tsoronka ya yi rana." Sannan ya nuna wani kwando da ya cika da zaɓaɓɓun albasa manya, ya ce, "Wanga na matar nan mai Turanci ne. Ka ce mata Manu na gaisuwa." Na kai mata, ta ce ita da ke sayar da albasa ƙulli-ƙulli yau ta zama babbar dila.

To samari, abin da zan ce muku ke nan. Turancinku ya fi nawa nesa ba kusa ba, ban musa ba, kuma zai yi muku amfani. Amma ku nemi kalmomin sana'arku tare da abokan tafiyarsu, ku san wace ce ta fara magana, wace ce ta ƙulle ta. Kada ku tsaya kan na ranar daɗi kawai. Ku tanadi na ranar da hanya ta yanke tun kafin ta yanke, kuma in ranar ta zo ku faɗa da wuri. Ku koyi shinshina rudu, don waya ba ta jin wari. In akwai kuskure a Turancin da na kawo nan, nawa ne ba na malamata ba, wanda ya gani ya gyara wa na kusa da shi.

Saura roƙona. Bayan 'yan shekaru mijin Maman Bitrus ya yi ritaya, suka koma gida wajen Filato. Lokacin ina Gulma muna lodi, na dawo na tarar da shago a rufe. Lambar da nake da ita ta daina shiga, waɗanda na tambaya a unguwa kowa da garin da yake faɗa, ni kuma ba na son in bi zato. Kawu ya tsufa ƙwarai, ba ya zuwa gona, amma duk shekara in za a fasa rudu sai ya sa a ware kwando ɗaya, ya tambaye ni ko an samu labarinta. Don Allah duk wanda ya san inda take, doguwa ce mai tabarau, ta yi shagon kayan masarufi a Nasarawa ta Birnin Kebbi, ya bar mini sallahu a tashar albasa. In kuma kun riga ni ganinta, ku gaya mata kwandonta na bana yana nan cikin rudu yana shan iska. Ba mu sa shi a buhu ba, kuma ba za mu sa ba, sai an kwamfam inda za a kai.